Zaren Mai Ɗankwali

Shayin bai shiga finjali ba. Gefensa ya bi, ya malale a kan faranti, ya gangara ƙasa, Malam Abdulganiyyu kuwa bai daina tsiyayawa ba sai da ya ji ɗumi a yatsun ƙafarsa. 'Yarsa Maimuna tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ful, dafaffen waken Makka, a hannu. Ta gani, ta kau da kai kamar tabarma take dubawa. Ya ajiye butar a hankali, ya ce bakinta ya karkace, a tuna masa ya buga shi.

Bakin butar lafiyarsa lau. Su biyun sun san haka.

Malam Abdulganiyyu maƙerin azurfa ne a Jarwal, wata unguwa a Makka. A nan aka haife shi, bayan mahaifinsa ya iso Makka a ƙafa daga Kano da magagari da awartaki a cikin jaka, ya yi hajji, ya duba hanyar komawa ya ga ba shi da sauran ƙarfinta. Shi da ƙaninsa Tijjani suka gaji dukkan ɗin tsohon, wani ɗan shago mai faɗin tabarma biyu a kan hanyar da ke gangarawa Harami. Aikinsu zobba ne. Alhazai kan zo da azurfar da suka ɗinke a ɗamara tun daga gida, riyalin faransa mai hoton tsohuwa, da rufiyar Hindu, da majidin Turkawa, da sulallan Ingilishi, su ce a narka a yi musu zoben tsaraba. A shekarar da ake wannan magana, an ɗan jima da gama yaƙin Nasara na biyu, motoci sun fara yawa a gari, Tijjani kaɗai ke zama a dukkan. Yayan ya koma gida, wai hutawa yake yi. Maimuna ce ke kula da shi. Tun da mijinta ya rasu ta dawo ɗakin mahaifiyarta, wadda ita ma ta daɗe da rasuwa.

Tun Malam Abdulganiyyu yana saurayi son wasu tsofaffin kuɗi ya kama shi. Wata rana wani mutumin Yaman ya juye masa sarƙar uwarsa a kan ma'auni, tsofaffin kuɗaɗe ne aka huda aka jera a igiya. A cikinsu akwai wani ɗan madaidaici da bai taɓa ganin irinsa ba. Fuska ɗaya mace ce tana kallon hagu, kanta ɗaure da wani abu kamar ɗankwali, taurari sun kewaye ta. Ɗaya fuskar mikiya ce ta buɗe fikafikai. Hannunsa ya kai bakin kaskon narka azurfa, ya tsaya. Ya auna nauyin kuɗin, ya zuba tasa azurfar a madadinsa, ya jefa shi aljihu. Daga baya wani ɗan canji Bahinde ya gaya masa rubu'in dalar Amirka ne, tsoho ƙwarai, wai na zamanin da jiragen ruwansu ke zuwa sayen gahawa a gaɓar Yaman. Iyakar abin da ya sani ke nan game da ƙasar, bai kuwa nemi ƙari ba. Rubutun da ke jiki ba ya iya karantawa. Ya sa wa matar suna Mai Ɗankwali.

Ba kasafai irin kuɗin ke zuwa ba. Wata shekara ya sami biyu, wata shekarar ko ɗaya. Amma da suka fara taruwa sai ya lura ba hatimi ɗaya ya buga su ba. Hatimi shi ne ƙarfen da ake sassaƙa hoton a cikinsa, a ɗora a kan azurfa a buga, kuma kowane hatimi da halinsa. Akwai wanda mai sassaƙar ya yi kuskuren lamba ya buga wata a kanta, ta ƙasan tana leƙowa. Akwai wanda tauraronsa guda ya matso har ya kusa taɓa ɗankwalin. Ya raba su gida-gida. Matarsa Ramlatu ta ɗinka masa wani dogon ƙyalle mai ƙananan aljihuna, kowane kuɗi da ɗakinsa, a naɗe a ɗaure.

Gidan da ya fi so shi ne gidan zare. Hatimin wannan gidan ya tsage ne yana cikin aiki. Tsaga a jikin hatimi rami ce, in an buga sai azurfa ta kutsa cikin ramin, ta fito a fuskar kuɗin a tashe, siririya kamar zaren ɗinki. A kuɗi na farko zaren ɗan guntu ne a gindin tauraro. A na gaba ya kai ɗankwali. A na gaba ya sauko kunci, daga nan ya ratsa wuya, har a na ƙarshe, wanda ya yi shekaru yana jira kafin ya faɗo masa daga sarƙar wata tsohuwa 'yar Hadramaut, gefen hatimin ya ɓalle gaba ɗaya, azurfa ta taru a wurin ta yi ƙullutu. In an jera su daidai, mutum zai ga ƙarfe ɗaya yana mutuwa a hankali.

“Wani maƙeri ne can bayan teku,” yakan ce. “Ya tashi da safe ya ga hatiminsa ya tsage. Ba shi da wani. Ya yi bismillah irin tasu, ya ci gaba da bugawa.”

Maimuna tana ƙarama ya fara kiranta. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa shi da Tijjani Uwata suke ce mata.

“Uwata, zo ki ga. Karkata shi wajen rana. Kin ga inda ya taso?”

Ta duba. Ta ga mace, ta ga taurari, ta ga ƙarce-ƙarce irin na kowane tsohon kuɗi. Ta ɗago ta ga yadda yake jira.

“Na gani, Baba.”

“To a wannan fa, ya kai ina?”

“Ya ƙara tsawo.”

“Kin ji 'yar maƙera.”

Daga ranar ba ta sake samun ƙofar fita ba. Duk sabon da ya samu ita ake fara nuna wa, ita kuma ta koyi inda ake cewa lallai kuwa, da inda ake yin shiru a gyaɗa kai. Ta girma, ta yi aure, ta dawo, zaren nan ba ta taɓa ganinsa ba.

Tijjani shi yana ganinsa sarai, bai dai ɗauke shi a bakin kome ba. Kullum bayan la'asar yakan biyo da tamis, gurasar Makka, mai zafi a naɗe a mayafi, ya tarar da yayansa a tsakar gida da ƙyalle a cinya. Ranar da shayin ya zube ma ya zo.

“Yaya, har yanzu kana wajen matan naka? Mutum yana jin kiran sallar Harami daga ɗakinsa, amma ya tara matan Nasara a ƙyalle. Sun ma wuce huɗu.”

“Mace ɗaya ce, ya shekh. Tsufa take yi.”

“Ba tsufa ba ne, maƙerinta ne rago. Da ni na fitar da zobe da ƙazantar aiki irin wannan a jiki, da Baba ya bi ni da awartaki har Safa.”

“Ai ya bi ka. Har Marwa ma ya kai ka.”

Suka yi dariya, Tijjani ya yago tamis ya sa wa yayansa a hannu, ba a faranti ba. Sai a lokacin Maimuna ta lura mahaifinta ya daina kai kuɗin kusa da ido. Ya bar farcen babban yatsansa ya yi tsawo, abin da maƙeri ba ya yi, da shi yake bin fuskar kuɗin a hankali. In ya zo kan zare sai farcen ya ɗan tsaya, ya yi wata 'yar ƙara da sai an kasa kunne za a ji.

Tijjani ma farcen yake kallo. Ya gyara murya ya ce ya yi magana da Dawuda, maƙwabcinsu mai tuƙa lori zuwa Jidda. Akwai wani daktor a can da aka ce yana cire yanar ido, mutum ya shiga ana ja masa gora ya fito da ƙafarsa. Dawuda zai kai shi, ya sauke shi gidan wani ɗan'uwansu, ya dawo da shi. Da shi Tijjani da kansa zai raka shi, sai dai alhazai sun fara sauka, ba a rufe dukkan a irin wannan lokaci.

“Tayyib,” in ji Malam Abdulganiyyu, ba tare da gardamar da suka yi tsammani ba.

Ƙanin ya tafi. Maimuna na kwashe kwanuka mahaifinta ya yi magana, kamar da kansa yake.

“In ya buɗe, alhamdu lillahi. In bai buɗe ba, ma'alesh, ba kome. Kasko ya tafi, wuta ta tafi, fuskarki ma ta fara tafiya, Uwata. Amma wannan,” ya ɗaga babban yatsan, “wannan ba ya bukatar rana.”

Ta tsaya da kwanukan a hannu. Ta duba tsakar gidan, randa da tabarma da bango, ta ga duk cikinsu babu abin da zai bi shi cikin duhun nan sai ƙyallen da ke cinyarsa.

Ranar tafiya, da hantsi, ya ce ta shimfiɗa masa tabarma inda rana ta fi ƙarfi. Ya fito da su duka daga aljihunansu ya jera a kan farantin shayi, gida-gida. An gaya masa daktor kan ɗiga wani magani da ke sa gani ya dushe na kwanaki, yana so ya yi musu kallon sallama da ɗan abin da ya rage masa. Yana sunkuye a kansu, hancinsa ya kusa taɓa farantin, Dawuda ya kwaɗa sallama daga ƙofa, ya ce lori na bakin hanya cike da mutane, askari kuma ya hana tsayuwa. Malam Abdulganiyyu ya miƙe da sauri. Ƙafarsa ta ɗauki gefen farantin.

Ƙarar ba ta da yawa. Suka watse a tsakar gida, wasu suka gangara ƙarƙashin randa, ɗaya ya yi ta juyi a kan dutsen bakin ƙofa kafin ya kwanta. Maimuna ta durƙusa ta tsince su, ta ɗaga tabarma, ta zura hannu bayan randa, har sai da ya shafa tarin a tafinta ya ce sun cika. Ya so ya zauna ya mai da su. Dawuda ya sake kira.

“Ya Ammi, don Allah. Za su tafi da lorin su bar ni.”

Ya damƙa mata ƙyallen, ya rufe hannunta da nasa.

“Ki gyara mini su kafin in dawo, Uwata. Ke kin san su.”

“To, Baba.”

Ta raka shi har bakin lungu. Dawuda ya riƙe masa gwiwar hannu, suka ɓace cikin masu ɗaukar ruwa da jakuna.

Yinin ranar a tabarma ta yi shi. Ta jera su, ta rushe, ta sake jerawa. Ta karkata kowanne wajen rana yadda ta ga yana yi. Duk fuskokin iri ɗaya ne, baƙi-baƙi, sun sha hannu da zufa da wuyan mata, kowace da layuka ta ko'ina. Wanne ne zare, wanne ne ƙarcen igiya? Ta gwada farce, farcen ya tsaya a kan kowanne. Mai ƙullutu kaɗai ta gane, ta sa shi a aljihun ƙarshe, sauran suka zuba mata ido. Ta san in ta cusa su yadda ta ga dama, taɓawa ɗaya zai yi ya gane. Ba jerin ne kaɗai zai gane ba. Zai gane cewa duk shekarun nan shi kaɗai yake magana.

Da rana ta yi sanyi ta yafa mayafi ta nufi dukkan. Baffa Tijjani yana ganin zaren, ko da ba ya so. Shi zai iya jera su kafin shayi ya huce, ba sai kowa ya san wa ya yi ba.

Ta tarar da shi tsakanin wasu alhazai 'yan Jawa uku, suna nuna masa kaurin yatsunsu da alama saboda babu harshen da ya haɗa su. Ta tsaya a gefe har ya hango ta. Ta miƙa masa ƙyallen, da kuɗaɗen a ƙulle a gefen mayafi.

“Baba ya ce a gyara su kafin ya dawo.”

Ya ajiye awartaki.

“Shi ya faɗa?”

“Shi.”

“Da bakinsa ya ce a gyara?”

“Da bakinsa, Baffa.”

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta ɗauka tausayin yayansa ne, ta sunkuyar da kai don kada ta ba shi kunya.

“Je ki gida, Uwata. Ki bar mini.”

Bai biyo da tamis ba a ranar, washegari ma haka. Ta ce a ranta alhazai ne suka riƙe shi. Da ta ji Dawuda na hanya, ta koma karɓowa. Ta tarar da ƙofar dukkan a saye, rabinta kawai a buɗe, wani alhaji na ƙwanƙwasawa Tijjani na ce masa bukra, bukra, wato sai gobe, ba tare da ya ɗago ba. Da ya gan ta ya washe baki. Idanunsa sun yi ja, yatsansa ɗaya a ɗaure da tsumma.

“Shigo ki ga matan babanki.”

Ya yaye wani farin ƙyalle. Suna kwance a kan allo suna walƙiya kamar yau aka buga su. Ba ta taɓa sanin Mai Ɗankwali na da kyau haka ba, har gashin da ya sauko mata a kafaɗa ana gani. Maimuna ta ce masha Allah, da gaske kuma take. Sai ta ga ƙyallen mahaifiyarta a naɗe a gefe, babu kome a ciki.

“Ba ka jera su ba, Baffa?”

“Jeri na me? Ai duk sun zama ɗaya yanzu. Ki zuba su yadda kike so.”

Ta sake duban allon.

Shi kuwa ya shiga ba ta labari, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa su a tsamiya da alif har dauɗar ta saki. Ya ɗauko ƙaramin magagarin mahaifinsu, wanda ba ya bari kowa ya taɓa, ya bi ƙazantar nan, wato zaren, a hankali, daga tauraro zuwa kunci zuwa wuya, ba tare da ya ci fuskar ba. Mai ƙullutun nan ya fi ba shi wuya, a kansa ya yanke. Lambar da ke leƙowa a ƙarƙashin 'yar'uwarta ma ya kwantar da ita. Hudojin igiya ya cike su da azurfarsa. Sannan ya goge da toka da fata.

“Tun muna samari nake kallon abin nan yana cizona,” ya ce. “Ban taɓa cewa ya ba ni ba, na san halinsa. Da kika zo na ce, to, Yaya ya san idonsa zai buɗe, yana so abin da zai fara gani ya zama mai kyau. Wallahi Uwata, ko zoben auren Asiya ban yi masa irin wannan aikin ba.”

Asiya matarsa ce. Maimuna ta ɗauki ɗaya ta bi kuncin da farce. Farcen ya wuce sumul.

A bakin maƙeri, gyara na nufin magagari. Ta san haka tun tana rarrafe a ƙofar dukkan ɗin nan. Ta buɗe baki, ta dubi tsumman da ke yatsansa, jini ya ɓullo ta cikinsa ya bushe. Ta rufe bakin.

“Ni zan kawo masa da kaina,” in ji shi. “Ina so in ga fuskarsa.”

Ta koma gida ta share tsakar gida, ta cika randa, ta sake share inda ta share.

Bayan la'asar Dawuda ya shigo da shi, yana riƙe da gwiwar hannunsa kamar ranar tafiya, sai dai yanzu akwai sanda a ɗaya hannun. Dawuda bai zauna ba. Ya gaishe ta yana kallon ƙasa, ya ce lori na jiransa. Ta zaunar da mahaifinta a tabarma, ta sa masa kofin ruwa a hannu. Bai gama sha ba Tijjani ya yi sallama, ya sa farar riga, ƙyallen a hannunsa.

“Sannu da hanya, Yaya. Yaya aka yi da daktor?”

“Mutumin kirki ne. Ya haska mini fitila, ya danna nan, ya danna nan. Ya ce ba yana ba ce da za a cire. Jijiyar ce ta mutu. Ɗan ganin da ya rage ma ba zai kai Muharram ba.” Ya ajiye kofin, ya lalubi ƙasa ya tabbatar ya zauna. “Ya ba ni sanda kyauta. Kun ga ban dawo hannu banza ba.”

Babu wanda ya yi dariya. Tijjani ya zauna a bakin tabarma.

“Ku bar wannan shirun,” in ji Malam Abdulganiyyu. “Tun kafin in hau lori na sani. Uwata, miƙo mini ƙyallena. Kwana nawa hannuna na ƙaiƙayi.”

Ba ta motsa ba. Tijjani ne ya ɗora masa a cinya.

Ya kwance igiyar, ya warware ƙyallen, ya zura yatsa a aljihun farko. Ya bi fuskar kuɗin da farce. Ya juya shi, ya sake bi. Ya ajiye a gefe ya ɗauko na biyu. A na uku hannunsa ya fara sauri. Ya tsallake sauran ya tafi aljihun ƙarshe, ya zagaye gefen kuɗin da yatsa, ya sake zagayewa.

“Waɗannan ba nawa ba ne.”

“Naka ne, Yaya.” Muryar Tijjani ta yi ƙasa, amma da sauran alfahari a cikinta. “Gyara su na yi. Da kana gani da ka ga yadda suke ɗaukar ido. Ko yanzu ma, ɗaga ɗaya wajen rana, za ka ga hasken.”

“Ka gyara su.”

“Kamar yadda ka aiko.”

Daga lungu ana jin mai ruwa na wucewa, garewaninsa na bugun juna. Maimuna ce ta yi magana.

“Zubewa suka yi, Baffa. Jerawa yake nufi.”

Tijjani ya dube ta. Ya dubi ƙyallen. Ta ga maganar tana shigarsa a hankali, daga ido zuwa baki zuwa kafaɗu.

Malam Abdulganiyyu bai ɗaga murya ba. Ya riƙe kuɗin tsakanin yatsu biyu yana murzawa.

“Da wane magagari?”

Tijjani ya ce, “Ƙaramin. Na Baba.”

“Na ji. Ko alama babu. Hannunka bai yi rawa ba ko sau ɗaya.” Ya shafa wurin da huda take a da. “Har nan ka cike.”

“Yaya…”

“Ni na ce a gyara. Kalmar da na faɗa ke nan, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.” Ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton ƙanin yake, ya ɗan kauce kaɗan. “Kada ka sa wa ranka. Ba ni kaɗai na san zaren ba. Uwata ta gan shi tun tana yarinya, yana kanta. In na manta za ta riƙa tuna mini. Uwata, gaya wa baffanki, a gindin wane tauraro ya taso?”

Ta duba kuɗin da ke hannunsa. Taurari ne zagaye da mace, duk suna walƙiya iri ɗaya. Za ta iya zaɓar ɗaya. Tana iya cewa na sama, ko na wajen goshi, da muryar nan da ta saba. Ta nemi muryar ta rasa.

Ya jira. Ya karkata kai kamar mai sauraron abu daga nesa. Jiran ya yi tsawo har ya daina zama jira.

“To,” ya ce.

Ya tattara waɗanda ya fitar, bai mai da su aljihunansu ba, ya zuba su tsakiyar ƙyallen ya haɗa bakinsa kamar ƙullin gyaɗa. Ya riƙe shi yana auna nauyinsa a tafin hannu, yadda ya saba yi wa azurfar alhazai kafin ta hau ma'auni.

“Azurfa ce mai kyau, ba ta da gauraye sosai,” ya ce. “Tijjani, gobe ka sa su a kasko. Za su yi zobba masu yawa, ga 'yan Jawa sun sauka, su ƙananan yatsu gare su. Kada ka cika wuta, ka san halinka da zugazugi. In ka zo zubawa ka bari ta ɗan…”

Tijjani ya riga ya miƙe. Bai taka da ƙarfi ba. Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi gefen bango ta bayan randa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai juyo. Maimuna na kallonsa, shi bai kalle ta ba. Ya ɗaga labule ya fita, yayansa na miƙa ƙullin wajen da ya bari yana ci gaba da bayani.